Tambaya kan idon kyamara mai faɗin gani don ɗaukar hoto a ƙarƙashin teku

Ɗalibin Alƙahira ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe da malamai da 'yan'uwa, musamman waɗanda suka daɗe suna shiga ruwa da kyamara. Karatu nake yi a Masar, kuma shekara biyu ke nan da na koyi nutso da tukunyar iska a Dahab, a gaɓar Bahar Maliya. Na fara da takardar shaidar matakin farko, wadda iyakarta mita 18, daga baya na ƙara ta mataki na biyu mai kaiwa mita 30, kuma zuwa yau na yi nutso sau 34.

Tun kafin in san teku ina ɗaukar hoto a tudu da kyamara mai sensa APS-C, wato matsakaicin faifan kama haske wanda bai kai girman cikakkiyar sensa ba, da idonta na asali, wato 18-55mm. A bara na sayi akwatin hana ruwa na hannu, wanda tagarsa ta gaba shimfiɗaɗɗen gilashi ce, na shiga da shi Ras Muhammad, wurin nutso a kudancin Sina'i, har sau huɗu. Abin da na dawo da shi ya sa ni baƙin ciki ƙwarai. Bangon murjanin da na gani da idona cike da launuka ya fito shuɗi fes, kamar an tsoma hoton a marina. Ko da na mayar da idon kan 18mm, filin da yake ɗauka bai kai rabin abin da na saba gani a tudu ba, dole na riƙa ja da baya don komai ya shiga. Da na kunna ƙaramar filashar da ke jikin kyamarar kuwa, sai hoton ya cika da fararen ɗige-ɗige.

Ina da niyyar zuwa Thistlegorm, jirgin ruwan Ingila da ya nutse a Bahar Maliya, a hutu mai zuwa, in Allah ya yarda, kuma kuɗin da na tara ba zai sayi komai a lokaci ɗaya ba. Wane ido ya fi dacewa da ni, wanda ake kira idon kifi ko mai faɗin gani wanda ba ya lanƙwasa layi? Shin tilas ne in canja tagar akwatin zuwa mai siffar ƙubba? Kuma tsakanin sabon ido da filasha ta waje, wanne ya kamata in fara saya? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Mai Hoto, Jidda, ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Duk matsaloli ukun da ka lissafa uwarsu ɗaya ce, ita ce yawan ruwan da ke tsakaninka da abin da kake ɗauka. Ka ce ka riƙa ja da baya don komai ya shiga hoton, to a nan ne aikin ya lalace, domin kowane taku da ka yi baya ƙarin ruwa ne ka zuba a gaban kyamararka. A tudu mutum yana sa ido mai faɗin gani ne don ya kwaso fili mai yawa daga nesa. A cikin teku muna sa shi ne don mu matsa kusa ƙwarai, har tazarar ta koma ƙasa da mita ɗaya, amma duk da haka babban abu ya shiga hoton gaba ɗaya. Idan ka riƙe wannan, sauran bayanin zai zo maka da sauƙi.

Bari in fara da launi. Ruwa yana shanye hasken rana launi bayan launi, kuma ja yake fara ci. A wajen mita 5 ja ya kusan ƙarewa, ruwan goro yana bin bayansa a wajen mita 10, rawaya kuma a wajen mita 20, sai a bar ka da kore da shuɗi. Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne, ruwa bai damu da ko hasken daga sama yake saukowa ko a kwance yake tafiya ba, tsawon tafiyar kawai yake ƙirgawa. Saboda haka idan kifi yana nesa da kai da mita 2 da rabi ka haska masa filasha, hasken zai yi mita 2 da rabi zuwa, ya yi mita 2 da rabi dawowa, jimla mita 5 ke nan, kuma jan da ka sayi filashar dominsa ya ƙare a hanya. Shi ya sa ko filasha mafi tsada ba ta da wani amfani na a zo a gani bayan mita ɗaya da rabi zuwa biyu.

Sai batun ƙuntatar fili. Ka san yadda ludayi yake bayyana kamar ya karye idan an tsoma rabinsa a cikin ruwa. Haske yana karkacewa duk lokacin da ya ƙetara daga ruwa zuwa iska, sai dai idan ya faɗo a miƙe, kuma ma'aunin wannan karkacewar a ruwa kusan 1.33 ne. Shimfiɗaɗɗen gilashin akwatinka, daidai da tabarau ɗin nutson da ke fuskarka, yana sa abubuwa su ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, su kuma matso da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tazararsu. Idon da yake ganin digiri 84 a tudu, kamar 24mm a kan cikakkiyar sensa, yana komawa wajen digiri 60 a bayan irin wannan gilashi. Idan ka ce za ka magance haka ta hanyar sa ido mafi faɗi a bayan gilashin nan, asara za ka yi, domin hasken da ke shigowa ta gefe ya fi karkacewa, sai kusurwoyin hoton su dusashe, launuka kuma su rabu a bakin abubuwa. Akwai ma iyakar da ba a ƙetarewa: komai faɗin idon, shimfiɗaɗɗen gilashi ba zai bar shi ya ga fiye da wajen digiri 97 na cikin ruwa ba. Wannan taga ta ɗaukar ƙananan halittu ce daga kusa, a can ƙarin girman da take yi riba ne.

Don haka amsar tambayarka ta biyu ita ce e, ƙubba tilas ce. Gilashi ne mai siffar ƙoƙon da aka kife, kuma idan an ajiye idon kyamara daidai tsakiyar da'irarsa, haske daga kowace kusurwa yana faɗa wa gilashin a miƙe, ba ya karkacewa, sai idon ya riƙe faɗinsa na tudu.

Game da zaɓin ido, ra'ayina a fili yake: ka fara da idon kifi. Ga masu sensa irin taka, Tokina 10-17mm ya daɗe yana hannun masu hoton teku, domin a 10mm yana ganin digiri 180 daga kusurwa zuwa kusurwa, a 17mm kuma yana sauka zuwa wajen digiri 100, sannan yana iya saita abu tun daga santimita 14. Masu cikakkiyar sensa sukan ɗauki 8-15mm na Canon ko na Nikon, ko 15mm na Sigma. Lanƙwasar da ake tsoro ba ta cika damun kowa a teku ba, tun da murjani da kifi da kunkurun teku ba su da miƙaƙƙen layin da ido zai kama. Ka dai tabbatar akwai ƙubba da zoben ƙarin tsawo da suka dace da akwatinka kafin ka biya kuɗin idon, domin kowane kamfani yana da jadawalin abin da ya dace da wane ido, kuma akwatin da aka daina ƙerawa wani lokaci kayansa sukan yi wuyar samu.

Filasha kuwa ta jira. Ido da ƙubba kaɗai za su canja hotunanka a ruwan da bai wuce mita 10 ba, muddin ka ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ka kuma daidaita farin launi da hannunka a kan farin yashi ko tafin hannunka duk lokacin da zurfinka ya canja.

Malamar Nutso ta amsa:

Sallama gare ku baki ɗaya. Baba ya gama magana a kan haske, ni a kan jikinka zan yi magana, ƙanena, domin aikina koyar da nutso ne kuma na sha ganin abin da kyamara take yi wa hankalin mai nutso.

Shawarar matsawa kusa gaskiya ce, amma tana da sharaɗi. Ido mai faɗin gani yana nuna abubuwa nesa fiye da yadda suke. Za ka duba allon kyamara ka ga kamar da sauran mita ɗaya tsakaninka da reshen murjani, alhali ƙubbar ta kusa taɓa shi. Murjani halitta ce mai rai wadda take ɗaukar shekaru kafin ta yi girman tafin hannu, kuma a Bahar Maliya akwai wanda ake kira murjanin wuta, mai ƙuna idan ya taɓa fata, ga kifin dutse da yake kwanciya ba a gane shi alhali ƙayarsa tana da dafi mai haɗari. Wanda bai iya tsayawa cak a tsakiyar ruwa da numfashinsa kaɗai ba, ba tare da ya kaɗa hannu ko ya dafa wani abu ba, bai isa ya kusanci murjani da ƙubba ba tukuna. Nutso 34 mafari ne mai kyau, amma ina so ka gwada kanka a kan yashi: ka tsaya rabin mita sama da ƙasa na tsawon minti biyu, hannuwanka biyu riƙe da akwatin, ka ga ko takalman iyonka sun tayar da ƙura.

Abu na biyu ya fi muhimmanci. Mai hoton tudu ya saba riƙe numfashi a lokacin da zai danna, don kada hannunsa ya motsa. Wannan ɗabi'a ka bar ta a kan jirgi. Iskar da ke cikin huhu tana faɗaɗa yayin da mutum yake tasowa, kuma daga mita 10 zuwa saman ruwa ninkawa take yi sau biyu. Mutumin da ya cika huhunsa ya riƙe, hankalinsa yana kan allo, zai fara tasowa bai sani ba, kuma a ruwa mara zurfi ne wannan ya fi haɗari, daidai wurin da aka ce ka fara koyon hoto. Ka danna a lokacin da kake fitar da numfashi a hankali.

Game da Thistlegorm, ina roƙonka ka yi nutson farko a kansa ba tare da kyamara ba. Jirgin yana kwance a wajen mita 30, inda mutum yake shan iska ninki huɗu na abin da yake sha a sama, kuma da iska ta yau da kullum jadawalin nutso yana ba ka wajen minti 20 ne kacal a wannan zurfin. Ruwan wurin yakan yi gudu mai ƙarfi, har sai an bi igiya wajen sauka da hawa, kuma igiya tana bukatar hannu. Dole akwatin ya kasance da maɗauri da za ka maƙala shi a rigarka. Kada ka yi tsalle cikin ruwa da shi, ka shiga tukuna a miƙo maka. Ka riƙa duba ma'aunin iskarka bayan kowane hoto uku ko huɗu, ka rage iskar da ma'aunin zai nuna bar 50 a tukunya, ka tsaya minti 3 a mita 5 kafin ka fito. Ka kuma gaya wa abokin nutsonka gaskiya tun a kan jirgi cewa hankalinka zai rabu, don ya san shi ne mai lura. A ƙarshe ka tuna mutum tara ne suka mutu a daren 6 ga Oktoba 1941 da jiragen saman yaƙin Jamus suka nutsar da shi, saboda haka ba a ɗaukar komai daga cikinsa, ba a kuma hawa baburan da ke rumbunansa don neman hoto.

Ɗan Port Sudan ya amsa:

Assalamu alaikum. Ni haifaffen Port Sudan ne, kakannina daga ƙasar Hausa suka zo a hanyar aikin hajji suka zauna, kuma na yi shekaru ina aiki a jiragen da ke kai masu nutso kafin yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya tsayar da harkar. Da izinin Baba, ina da ɗan bambancin ra'ayi, tun da mai tambaya jirgin da ya nutse yake nufi.

Maganar cewa babu miƙaƙƙen layi a teku gaskiya ce a kan dutsen murjani, amma jirgi aikin maƙera ne, kuma duk jikinsa layuka ne. A kusa da tasharmu akwai Umbria, jirgin Italiya mai tsawon wajen mita 150, wanda ma'aikatansa suka nutsar da hannunsu a watan Yunin 1940 don kada kayan yaƙin da ya ɗauko su faɗa hannun Ingila. Na ga hotunansa masu yawa da aka ɗauka da idon kifi, inda dogayen ƙarafan bene suka tanƙware kamar baka, ƙofofi suka kumbura a tsakiya. Wasu suna son haka, ni ba na so, domin yana cire wa jirgin kwarjininsa. Wanda ya ɗauki idon kifi zuwa irin wannan wuri sai ya koyi dabara guda: layin da ya ratsa tsakiyar hoto ba ya lanƙwasa, na gefe ne suke tanƙwarewa. Saboda haka a sa babban ƙarfe ko bakin bene ya bi ta tsakiya, a kuma matsar da idon zuwa 14mm ko 17mm idan akwai fili, domin lanƙwasar tana raguwa sosai a can. A cikin rumbuna masu ƙunci kuwa na yarda da Baba ba tare da jayayya ba, babu abin da ya kai idon kifi, tun da babu wurin ja da baya ko da mutum yana so.

Sai dai akwai hanya ta uku da ba a ambata ba, wato idon da ake ɗaurawa a wajen akwatin, a gaban shimfiɗaɗɗen gilashi, wanda tun asali don ruwa aka ƙera shi. Tunanin ba sabo ba ne. Tun zamanin fim, idon 15mm na kyamarar Nikonos ya yi suna saboda an lissafa gilasansa ne a kan cewa ruwa zai taɓa su kai tsaye. A yau akwai irin su WWL-1 na Nauticam, wanda yake ba da digiri 130 idan an haɗa shi da idon da yake daidai da 28mm, kuma 18mm a sensa irin ta mai tambaya kusan haka yake. Kusurwoyinsa sukan fito da kaifi, lanƙwasarsa ba ta kai ta idon kifi ba, kuma ana iya cire shi a cikin ruwa idan an ga ƙaramar halitta. Amma ba kowane 18-55mm ne yake dacewa da shi ba, sai an duba jadawalin kamfani, ga shi da nauyi har sai an sa masa abin wuya mai tasowa. Kuma da zarar an shiga ruwa sai an cire shi an mayar, don kumfar iskar da ta maƙale tsakaninsa da taga ta fita.

Wani abu kuma da nake so ɗan'uwana ya sani tun yanzu: babu filashar da za ta haska jirgi mai tsawon fiye da mita 120. Hoton gaba ko bayan jirgi da hasken rana ake ɗaukarsa, daga ƙasa ana kallon sama, don siffarsa ta fito a kan shuɗin ruwa, kuma sau da yawa mayar da shi baƙi da fari ya fi kyau. Idan abokin nutsonka ya tsaya a gefe riƙe da tocila, mai kallo zai gane girman abin. Haka muke yi a Sha'ab Rumi, wani wurin nutso a tekun Sudan, da ragowar gine-ginen da Jacques Cousteau, Bafaranshe mai binciken teku, ya bari a 1963, lokacin da mutanensa suka zauna wata guda a gidan ƙarƙashin ruwa a zurfin mita 10.

Ɗalibin Alƙahira ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Malama, na karɓi shawararki, nutson farko a jirgin zan yi shi hannu sake, kuma gaskiya ne ina riƙe numfashi wajen dannawa, ban taɓa lura ba sai da kika faɗa. Yaya na Port Sudan, Allah ya kawo muku zaman lafiya. Na duba jadawalin, idona ba ya cikin waɗanda suka dace da na ɗaurawa a waje, saboda haka na karkata ga idon kifi. Baba, saura tambaya biyu. Na ga ƙubba ƙarama mai inci 4 da babba mai inci 8, kuma bambancin kuɗinsu da nauyinsu ba kaɗan ba ne. Wacce zan ɗauka? Sannan idan na samu halin sayen filasha daga baya, yaya zan kauce wa fararen ɗige-ɗigen nan?

Tsohon Mai Hoto, Jidda, ya amsa:

Abin da ɗan'uwanmu na Port Sudan ya faɗa a kan layukan jirgi daidai ne, na kuma karɓi gyaran.

Kafin ka zaɓi girman ƙubba, ya kamata ka san wani abu da take yi wanda ba a gani da ido. A cikin ruwa ƙubba ita kanta tana zama gilashin gani, tana ƙirƙirar wani hoto na bogi a ɗan gabanta, kuma wannan hoton ne kyamararka take saitawa, ba ainihin kifin ba. Abin da yake can nesa iyakar gani yana bayyana a tazarar da ta kai ninki uku na rabin faɗin da'irar ƙubbar, idan an auna daga fuskar gilashin. Idan rabin faɗin santimita 10 ne, duk tekun ya taru ke nan a cikin santimita 30 na gabanka, abin da yake kusa kuma ya fi haka matsowa. Idon da ba ya iya saita abu na kusa sosai ba zai ga komai da kaifi a bayan ƙubba ba, sai an ɗaura masa ƙarin gilashin kusantarwa mai ƙarfin +2 ko +4. Idon kifin da muka ambata ba ya bukatar wannan.

Matsala ta biyu ita ce hoton bogin nan ba shimfiɗaɗɗe ba ne, a lanƙwashe yake kamar ƙubbar da ta haife shi, tsakiyarsa ta fi nisa, gefensa ya fi kusa. Idan tsakiya ta yi kaifi sai kusurwoyi su dusashe. Maganin abu biyu ne: a ƙuntata ƙofar haske, ko a ƙara girman ƙubba don lanƙwasar ta yi sauƙi. Ido mai miƙe layi, irin 10-20mm ko 16-35mm, shi ya fi shan wahalar wannan, shi ya sa yake bukatar ƙubba mai inci 8 ko 9 da ƙofar haske f/11 zuwa f/13 (gwargwadon girman lambar, gwargwadon ƙuncin ƙofar) kafin kusurwoyinsa su yi kyau. Idon kifi ya fi haƙuri, yana aiki lafiya a bayan ƙarama, musamman daga f/8 zuwa sama. Tun da shi ka zaɓa, kuma matafiyi ne kai mai hawa motar haya daga Alƙahira zuwa Sina'i, ƙaramar ta ishe ka. Tana da wata riba ma, tana barinka ka kusanci ƙaramin abu har santimita kaɗan, ya cika gaban hoton, bayansa kuma ga faɗin teku da hasken rana. Babbar ƙubba tana ɗauke da iska mai yawa, sai ta riƙa ɗaga gaban akwatin sama, wuyan hannu ya gaji. Inda ta fi ƙarama nesa ba kusa ba shi ne hoton rabi a sama rabi a ƙasan ruwa, domin faɗinta ne yake riƙe layin ruwan. Idan zuciyarka tana kan irin wannan hoto, ka tara kuɗin babbar daga baya.

Akwai ta roba mai ƙarfi, akwai ta gilashi. Ta roba ta fi araha da sauƙin nauyi, tana saurin karcewa amma ana iya goge karcen, kuma ƙananan karce na waje ruwa yakan cike su ba sa fitowa a hoto. Na ciki ne abin tsoro, don haka kada ka goge cikinta da kowane tsumma.

Fararen ɗige-ɗigen kuwa, ka tuna tuƙin dare a lokacin hazon hunturu. Idan direba ya kunna babbar fitila, ƙurar da ke gabansa ce take haskawa ta dawo masa a ido, hanya kuma ta ɓace. Ruwan teku, komai tsabtarsa, cike yake da yashi da ƙananan halittu masu yawo, kuma filashar jikin kyamara tana haska su ne daidai gaban idon. Abin da ake yi shi ne a ɗora filasha a kan dogon hannu, a nisanta ta zuwa gefe, a ja ta baya har ta koma bayan layin ƙubbar, sannan a ɗan karkatar da fuskarta waje, yadda bakin hasken ne kawai zai taɓa abin da ake ɗauka, ruwan da ke tsakani ya zauna a duhu. Da idon kifi wannan jan bayan wajibi ne, domin yana ganin digiri 180, idan filashar ta leƙo gaba ko kaɗan za ka ga gefen hoton ya yi fari. Gwargwadon nisan abin, gwargwadon yadda za ka buɗe hannuwan. Idan ka matso kusa sai ka janyo su jikin akwati ka rage ƙarfi. Filasha ɗaya ma tana aiki: ka ɗora ta sama da akwatin, ɗan gefe kaɗan, ka zaɓi abin da faɗinsa bai wuce ƙarfinta ba.

A wajen saiti, ka ɗauka hoto biyu kake haɗawa a ɗaya. Shuɗin bayan hoto saurin ƙiftawar kyamara ne yake mulkinsa, abin da ke gaba kuma ƙofar haske da ƙarfin filasha. Ka fara da f/8, da saurin ƙiftawa 1/125 na daƙiƙa, da ISO 200, wato ma'aunin ƙarfin sensa wajen kama haske, ka auna a kan buɗaɗɗen ruwa. Idan shuɗin ya yi fari ka ƙara sauri, idan ya yi duhu ka rage, amma kada ka wuce iyakar da kyamararka take daidaitawa da filasha, wadda a yawancinsu 1/200 ce ko 1/250. Sai bayan shuɗin ya yi maka ne za ka taɓa ƙarfin filasha.

Tun da akwatinka na hannu ne, ka sake duk zoben robarsa kafin tafiya. A kowace safiya ka cire babban zoben, ka duba shi a wuri mai haske, domin gashi ɗaya ko ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta shigar da ruwa. Ka shafa masa man da kamfanin ya ce, kaɗan kawai har ya yi sheƙi. Ka rufe akwatin a ɗaki mai sanyi da bushewa, ka sa ƙunshin shanye danshi a ciki, kada kuma ka bar shi a rana a kan jirgi, in ba haka ba ƙubbar za ta yi raɓa daga ciki da zarar ta taɓa ruwa. Bayan kowane nutso ka jiƙa shi a ruwan daɗi kana danna maɓallansa don gishiri ya fita.

Ranar da sabuwar ƙubbar ta iso, ka haɗa ta da akwatin babu kyamara a ciki, ka cusa farar takarda mai shan ruwa, ka sauka da shi mita 10 a wurin nutson Lighthouse da ke Dahab, inda ake shiga daga gaɓa. Idan takardar ta fito a bushe, washegari ka sa kyamarar, ka nemi dunƙulen murjani guda a kan yashi, ka ɗauke shi daga mita 2, da mita 1, da rabin mita, ba tare da ka canja komai ba. Ka turo mana ukun nan mu duba kusurwoyinsu tare, daga nan za mu gane ko zoben ƙarin tsawon da ka sa ya ajiye idon a tsakiyar ƙubbar.